Magani Biyu, Majinyata Biyu

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Littafin nan da nake rubutu a ciki ba nawa ba ne, na maigidana ne, Malam Sule, Allah Ya jiƙansa. Ya cika fiye da rabinsa da lissafin ƙudaje, ya bar mini sauran shafukan fari fat. Shi ya koya mini boko, ba don komai ba sai don in riƙa rubuta masa lamba a jikin kwalabe. Sunana Asabe, ina soya gyaɗa ina sayarwa a bakin titi a Karantina, nan Jidda. Ina roƙon duk macen da aka taɓa damƙa wa maganin wani a hannu ta karanta wannan, in ba ta iya ba a karanta mata.

Malam mutumin ƙasar Daura ne, a ƙafa ya taho aikin hajji, ya shekara huɗu a hanya. Ni a Sudan aka haife ni, can ya aure ni ya ƙaraso da ni. Ranar da muka sauka Jidda ba mu san kowa ba, ga ni da tsohon ciki. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta gan mu zaune a gindin wani bango, ta sunkuya ta ɗauki ƙunshina ta aza a ka, ko sunanmu ba ta tambaya ba. A ɗakinta na gwangwani da katakon akwati na haifi 'yarmu Ummi, ita ta yanke cibiya. Daga baya muka kafa namu ɗakin jikin nata, bango ɗaya ya raba mu. Ku riƙe wannan, don ba za ku gane abin da na yi ba sai da shi.

Aikin Malam na farko ɗiban ruwa ne a sansanin Turawan da ke yaƙi da fara a bayan gari. A cikinsu akwai wani da muke ce wa Dogo, wanda ba fara kaɗai ta dame shi ba, duk abin da ke rarrafe ko tashi sai ya tsugunna ya duba. Ya lura Malam ma irinsa ne, sai ya ɗauke shi mai kamo masa ƙwari. Shekara biyar suna yawon jeji. Malam yakan dawo mini da buzuzu a cikin hula da kunama a gwangwanin madara, ina ihu yana ce mini ai wannan mace ce, ba ta da faɗa. Da aikin nan ya sami iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, mu ma muka shiga ƙarƙashinta. Da Turawan suka tashi, Dogo ya bar masa gilashin ƙara girman abu, ya kuma sama masa aikin feshin ƙwari a baladiyya, wato hukumar gari.

Ya bar masa wani abu kuma, wanda ya fi gilashin zama a kansa. Labarin wani malaminsu ne na zamanin kakanni, wanda ya zaga duniya a jirgin ruwa yana saurayi, yana tara tsuntsaye da ƙwari, ya koma gida ya yi shekaru yana fama da ciwon ciki da kiwon tattabaru, yana jin nauyin faɗin abin da ya gano. Abin da ya gano, yadda Malam yake faɗa mini, shi ne kowace halitta tana haihuwa fiye da abin da ƙasa za ta iya ciyarwa, kuma 'ya'yan uwa ɗaya ba su zama daidai. In wahala ta zo, wanda Allah Ya ba ɗan abin da ya dace da ita shi ke tsira, ya haifi masu kama da shi, a hankali a hankali har irin ya sauya. Mai tattabaru yana zaɓen wadda zai bari ta yi ƙwai, wahala ma haka take zaɓe. Wasu a masallaci suka ce wannan zancen kafirai ne. Malam ya ce shi bai je inda aka halicci Annabi Adamu ba, ƙuda kawai ya sani.

Ƙudan kuwa ya san shi. Farkon fara feshi a kasuwar kifi, da tsintsiya ake share gawar ƙudaje. Bayan 'yan shekaru, maganin dai shi ne, amma sai ka ga ƙuda zaune a bakin bututun feshin yana wanke hannu. Abokan aikinsa suka ce an surka maganin ne. Malam bai yarda ba. Ya kamo waɗanda suka tsira, ya yi musu gida a kwalabe a bayan ɗakinmu, yana ciyar da su da kan kifi da ruɓaɓɓen dabino. Wari kam mun sha shi, har Larabawan wurin aikinsa suka sa masa suna Abu Dubban, wato uban ƙudaje, ni kuma nakan ce masa ko sadakina bai kula da shi kamar haka ba. Yakan shafa dafi kaɗan a takarda ya jefa a kwalba. Yawanci su mutu, biyu ko uku su rage. Ya bar waɗannan su hayayyafa, ya sake jefa wa 'ya'yansu. Kafin shekara ta zagayo, jikokin jikokinsu yawo suke a kan takardar.

"Sun koyi shan dafi ke nan," na ce masa wata rana.

"Ba koyo ba ne, Asabe. Wanda ya mutu bai koyi komai ba. Rariyarki fa, in kin tankaɗe gari, me ke raguwa a sama?"

"Tsaki."

"To dafi kaɗan rariya ne. Ya zubar da masu laushi, ya bar tsakin, tsakin ne kuma ke haihuwa."

Na ce Allah Ya ba da sa'a, na ci gaba da juya gyaɗata. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, kamar sauran maganganunsa na ƙwari.

Tarin ya fara ne bayan tafiyar alhazai, Ummi tana da shekara goma sha biyu. Satin farko muka ce iskar teku ce. Sati na biyu Inna Tabawa ta kawo habbatus sauda da zuma. Na uku, ƙanen Malam, wanda ya biyo mu daga baya ya zauna a unguwar Sa'alaba, ya zo ya ce maganin feshi ne ya taru a ƙirjinsa, a nemo nonon raƙuma. Aka nemo. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce alhakin ƙudaje ne, a saki na cikin kwalabe a yi sadaka. Malam ya ji ta, ya ce in alhakin ƙuda na kama mutum, da shugaban baladiyya ya riga shi kwanciya. Yana dariya tarin ya sarƙe shi. Da yamma zazzaɓi, da safe matashinsa jiƙe sharkaf da gumi, wandonsa kuma kullum sai an ƙara tsuke mazagi. A sati na shida ya tofar da kaki a bayan ɗaki ya yi sauri ya tura ƙasa a kai da ƙafa, amma na riga na ga jinin.

Asibitin ƙirji sai an yi sammako. Ana idar da sallar asuba za ka tarar layi ya bi jikin bango ya lanƙwasa. Mai gadin ƙofa ba ya tambayar sunanka ko abin da ke damunka, hannu kawai yake miƙawa ya ce, "Iƙama." Kwana uku muna zuwa kafin mu sami lamba, kwana biyu kuma kafin a ɗauki hoton ƙirji. Likitan Bamisire ne, mai furfura da tabarau, ba ya yawan magana amma yana kallon mutum a ido, Allah Ya saka masa da alheri. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna mana wani wuri kamar inda asu ya ci zane. Ya ce tarin fuka ne, amma yana jin magani in an bi shi yadda aka ce.

Wata biyu ana yi masa allura kullum, kullum kuma sai mun bi layin nan. Na daina fita da gyaɗa da safe, matan unguwa suka riƙa karɓar mini suna sayarwa tare da tasu. Bayan allurar sai aka koma magani biyu na sha a gida, har shekara ɗaya da rabi: wata ƙwaya fara 'yar mitsitsiya, da wani gari a ƙunshin takarda mai ɗacin tsiya. Likita ya haɗa yatsunsa biyu ya ɗaga mini su a fuska.

"Litnen ma'a ba'ad, ya hajja. Fahma?"

Wato biyun tare. Na ce, "Fahma." Na ɗauka na gane.

Garin nan ya wahalar da Malam. Yana sha cikinsa zai murɗa, ga gudawa, ga tashin zuciya, mutum mai kama kunama da hannu sai ga shi yana ɓata fuska kamar an ba jariri maɗaci. Amma sauƙi ya samu. A wata na uku ya nemi tuwo da miyar kuka, ya cinye ya nemi ƙari. Jinin ya tsaya. Ya koma wurin kwalabensa yana mitar na bar masa ƙudaje da yunwa. Tunda ya ji ƙarfi, ni kaɗai nake zuwa karɓo maganin wata a tagar asibiti, a buga hatimi a kati in dawo.

Yanzu sai in faɗi yadda muke zaune a Karantina, ko da yake mutanenmu sun sani. A gida goma, da wuya ka sami uku masu takarda. Marar iƙama ba ya zuwa asibiti, don yana tsoron daga layi a wuce da shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi. Saboda haka mai iƙama shi ne asibitin unguwa. Za ka je ka ce kanka ke ciwo alhali kan maƙwabcinka ne, ka karɓo ka kawo masa. Ni kaina na taɓa kwatanta ciwon idon wata har aka ba ni man shafawa. Ba wanda ke ganin haka laifi ne. Laifin shi ne a ce kana da magani a ɗaka, maƙwabci yana nishi, ka yi shiru.

Inna Tabawa tana da ɗa guda, Ya'u, mai sayar da ruwa a garwa. A hanya aka haife shi, bai da takardar kowace ƙasa, matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya. Tarinsa muna jin sa ta bango tun kafin Inna ta yi magana. Wata ranar hantsi, Malam ya fita, ta shigo ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"'Yar nan, Ya'u ya fara tofar da jini."

"Subhanallahi. Inna, a kai shi asibiti mana."

"Da wace takardar? Su ɗauke mini shi su kai shi inda bai san kowa ba?" Sannan ta ce, "Ban zo roƙon duka ba. Na ji an ce biyu ake ba ku."

Wallahi ban yi dogon tunani ba. Magani biyu, majinyata biyu. Malam ya riga ya miƙe, garin kuma azaba kawai yake ba shi. Na ga kamar na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, na hutar da mijina, na kuma rama wa matar da ta ɗauki ƙunshina. Har ina jin na yi wa Ya'u gata, don a ganina mai ɗacin ya fi ƙarfi. Na kwashe garin wata guda na zuba mata a mayafi. Haka kuma na ci gaba da yi kowane wata.

Da Malam ya dawo na miƙa masa ƙwayar kaɗai. Na ce, "Daktor ya ce halas, an gama da garin."

Ya dube ni. "Shi ya faɗa?"

"Shi ya faɗa."

Ya ce alhamdulillahi, ya haɗiye ƙwayarsa. Shekara goma sha huɗu muna tare ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ya sa bai sake tambaya ba.

Wata biyar muka yi cikin daɗi, kuma su ne suka fi ci mini rai yanzu. Malam ya koma aiki, ya yi kumatu. Ranar da aka ce ya koma ganin likita ta zo ta wuce, ya ce ba zai bar aiki ya je ya tsaya a layin marasa lafiya ba, ni kuma na ƙarfafa masa gwiwa, don na san abin da nake ɓoyewa. Ya'u ma ya ɗan ji dama. Inna in ta gan ni sai ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina tafiya ina jin kaina wata likita.

Sai tarin Malam ya dawo. Na ce mura ce. Na yi ta cewa mura ce har wata uku, Ummi tana kwana a ɗaki ɗaya da mu, kanta kusa da ƙafafunsa. Na so in karɓo garin daga hannun Inna, na rasa bakin da zan faɗa wa Malam dalilin dawowarsa. Sai da jini ya sake fitowa, ya fi na farko yawa, sannan muka koma layi.

Likita ya duba sabon hoto. Ya buɗe kati, ya ga hatimin kowane wata a cike. Ya tambayi Malam ko yana shan maganinsa.

"Ko kwana ɗaya ban tsallake ba," in ji Malam. "Tun dai da kuka janye garin, ƙwayar ba ta ba ni wahala."

"Min gal?" Wa ya faɗa?

Malam ya juyo ya dube ni. Likita ma ya dube ni. Bai yi tsawa ba, tabaraunsa kawai ya cire ya aje a tebur ya ce, "Lesh, ya hajja?" Wato don me? In na ambaci Ya'u, ban san inda maganar za ta tsaya ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalman Malam, ɗaya igiyarsa ta tsinke ya ɗaure da waya.

Likita ya ce za a ɗauki kakinsa a yi mazra'a, a shuka shi a ƙananan kwalabe, kowace da irin maganinta, a jira sati shida ko fiye a ga inda cutar ta tsiro. Malam, da ƙyar yake numfashi, sai ga shi ya gyara zama yana tambaya me suke ci, a wane zafi ake aje su, kwana nawa suke yi su ninka. Likita ya yi mamaki, ya ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce ta ƙarshe da na ga idonsa ya yi wannan hasken.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Da muka iso ya wuce bayan ɗaki ya zauna a kan akwati gaban kwalabensa. Na bi shi na durƙusa.

"Wa kika ba?"

"Ya'u."

"Garin kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ya gyaɗa kai. "To kin tankaɗe gida biyu, Asabe." Ya huta, ya ci gaba a hankali. "Abin da ke ƙirjina ya fi ƙudajen kasuwar kifi yawa. Ƙwayar tana kashe kusan duka, amma a cikin yawan nan ba a rasa 'yan kaɗan da ba ta yi musu komai. Aikin garin ke nan, ya bi waɗannan. Da aka ɗauke shi, fili ya zama nasu. Duk wanda ke cikina yanzu jikansu ne."

Na ce ya dake ni, ya sake ni, ya yi duk abin da ya ga dama. Ya ce, "Da ni Inna ta tambaya, ban san me zan ce mata ba. Tashi ki haɗa wa Ummi kayanta." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Amma daga ranar, duk abin da na miƙa masa sai ya kai shi wurin haske ya duba kafin ya sha, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Ummi ta koma Sa'alaba gidan ƙanensa. Sun riƙe ta, na gode musu, ko da yake matarsa ta ware mata kofi da kwano ta yi musu alama da jan zare. Malam da kansa ya dafa bango ya shiga wurin Inna, ya roƙe su a kai Ya'u asibiti ko me zai faru. Ya'u ya ce gara ya mutu kusa da uwarsa. Kafin azumi ya rasu. A zaman makoki Inna ta kama hannuna a gaban mata ta ce, "Kin yi iyakar ƙoƙarinki, 'yar nan, Allah Ya biya ki." Na ce amin, don ban san me ake cewa ba.

Sakamakon mazra'a ya fito kamar yadda Malam ya faɗa: ƙwayar ta daina aiki. Aka kwantar da shi, aka koma allura da gari. Ziyara sai Juma'a da la'asar, abinci kuwa a ƙofa ake karɓa, mai gadi ya tsoma cokali ya juya kunun kamar na ɓoye zinariya a ciki. Amma akwai wata ma'aikaciyar jinya da takan kau da kai in leƙa ta taga in gan shi, ban san sunanta ba, ina yi mata addu'a. Wata biyu ya ɗan farfaɗo. Daga nan allurar ta fara cin kunnensa, sai an ɗaga murya yake ji, in ya miƙe ƙasa ta riƙa juya masa. A wata na huɗu zazzaɓin ya dawo, likita ya ce allurar ma ta fara sakinsa.

Sai ya ambaci wani sabon magani, ja, mai kwanso, wanda bai iso ma'ajin asibiti ba tukuna amma ana samu a manyan kantunan magani na cikin gari. Ya ce yana da ƙarfi, sai dai watanni ake sha, kuma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Ban jira ƙarshen maganar ba. Na sayar da 'yan kunnena da gilashin Dogo. Matan Karantina, waɗanda wasu ba su da na cefanen gobe, suka yi karo-karo suka kawo mini a ƙullin gyale. Duk da haka abin da na samu na sati biyar ne. Ranar Juma'a na aje wa Malam kwalin a kan gado ina murna.

Ya ɗauka ya juya. "Na sati nawa?"

"Biyar."

"Bayan biyar fa?"

"Allah Zai kawo, Malam."

"Allah Zai kawo. Amma sati biyar rariya ce." Ya tura mini kwalin. "Ba zai ishe ni ba, ƙirjin ya riga ya tafi. In na sha na tsaya, abin da zai rage a cikina babu mai maganinsa a duk Jidda, kuma zan tofar da shi a ɗakin nan mai gado ashirin." Ya ja numfashi. "Juma'ar da ta wuce Ummi ta tsaya a tagar can. Ba na jin sauti, amma ina ganin kafaɗa. Sau bakwai ta yi tari. Aje mata."

Na ce sanyi ne ya kama ta. Ya dube ni kawai, irin kallon ranar da na ce daktor ya ce halas. Na yi kuka, na haɗa shi da Allah, na turo ƙanensa, na roƙi likita ya sa baki. Likita ya zauna da shi, ya fito ya ce mini mijinki ya san abin da yake faɗa, ki kawo yarinyar gobe. Har na yi tunanin fasa kwanson in zuba a kunu, sai na tuna ba ya shan komai daga hannuna sai ya duba.

Sati bakwai ya ƙara. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Ya nemi littafin nan da fensir, yana rubuta zafin jikinsa da yawan tarinsa safe da yamma, a layi a layi, yadda yake wa ƙudaje. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ina tsaye a ƙofa da kwanon kunu ina jiran mai gadi ya gama juyawa. Ma'aikaciyar nan ce ta fito ta karɓi kwanon daga hannuna ta aje a ƙasa, sannan ta miƙo mini littafin. Ƙudajensa sun riga sun mutu a kwalabe tun ina zaryar asibiti, ban ma lura ba sai bayan sadakar uku.

An yi wa Ummi hoto, an yi mata mazra'a. Likita ya ɗauki katinta, tun kafin ta sha komai ya ja layi a kan sunan farar ƙwayar. Abin da ke ƙirjinta daga na ubanta ya fito, daga watanni ukun nan da nake cewa mura ce. Ya rubuta mata jan maganin da wani sabo, ya haɗa yatsunsa biyu ya ɗaga, ya dube ni. Da kwalin da Malam ya ƙi sha aka fara. Sauran kuwa likita ke ƙoƙarin nemo mana wata bayan wata, kuma bai taɓa yi mini alkawarin na gaba ba. Yau wata huɗu ke nan. Ta dawo gida, tarin ya ragu amma bai tafi ba. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce, "Allah karim." Na zauna a ƙasar nan na san lokacin da ake faɗin haka.

Shekaranjiya da hantsi Inna Tabawa ta shigo. Idonta ya kusa tafiya, jikarta, 'yar Ya'u, ita ke jan ta. Yarinyar shekararta shida, wuyanta kamar sillen kara. Suka zauna a bakin ƙofa, wurin nan dai na da.

"'Yar nan, kin ji ta ai."

"Na ji ta, Inna."

"Na ji an ce biyu ake ba Ummi."

Na ce ba zan bayar ba. Na yi mata bayanin rariya da tsaki, da bakina da bai iya faɗa kamar Malam ba. Na ce ta ba ni yarinyar in goya ta in kai ta asibiti yanzu, in kamu ne a kama da ni. Ta ce ƙasa ta cinye mata ɗa, ba za ta ba jirgi jika ba. Ta lallaba ta miƙe, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ni na yanke wa Ummi cibiya." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Kafin la'asar magana ta zaga. Jiya na kasa gyaɗata, matan da suka yi mini karo-karo suka wuce ta gabana, ba wadda ta amsa sallamata. Ban ga laifinsu ba, kuɗinsu na cikin kwalin farko. Na sa maganin a akwatin Malam na kulle, na rataya makullin a wuya. Kowace safiya nakan buɗe in ciro biyun, in tsaya a kan Ummi har ta haɗiye, in ce ta buɗe baki in gani. Bangon da ke tsakaninmu da Inna gwangwani ne, ba ya tare komai. Tun da na fara rubuta shafin nan yarinyar ta yi tari sau tara.